Hannun Dutse a Akwatin Baba

4 ga Yuni

Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Na san za ka yi ta juya ambulan kana cewa wace ce kuma wannan. Auta ce, ’yar Kawunka Direba, wadda ka goya a keke ka zubar a kwata, ka ce in na faɗa a gida ba za ka ƙara goya ni ba. To ban faɗa ba har yau. Rabonmu da haɗuwa shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta. A wajen ƙanwarka na karɓi adireshinka. Ita ta ce mini waya ba ta shiga kwarin da kuke aikin gada, sai dai takarda.

Mu nan sai godiya. Inna gwiwa ce ke damunta, amma bakin nan yana nan yadda ka san shi. Ni ina ɗakin magani na asibiti, daga safe zuwa la’asar ina bayan taga ina ce wa mutane biyu da safe biyu da yamma. Maigidana yana gaishe ka.

Baba ne dalilin rubutun nan. Wata uku ke nan da ya faɗi a banɗaki, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ya tashi, amma ba shi ne ya tashi ba. Mutumin da in ya fara labarin mota sai an roƙe shi ya tsaya, yanzu sai ya wuni a baranda bai ce uffan ba. Ran nan ya kira ni ya ce, “Auta, ina so in koma ƙasar duwatsun nan kafin a kira ni.” Ka san yana saurayi ya yi shekara biyu a can, yana tuƙa wasu baƙi masu tonon kayan tarihi a tsohon garin nan na kan dutse. Kai kaɗai muke da shi a ƙasar.

Don Allah ka faɗa mini: yaushe ruwa ke ɗaukewa a can? Hanyar tana hawuwa da mota? Sanyin fa, tsoho zai iya?

Ba yawon buɗe ido za shi ba, Yaya. Akwai haƙƙin da ya baro a can shekara hamsin da uku, akwai kuma wani gida da yake so a nemo masa. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba. Inna ba ta sani ba, don haka kada ƙanwarka ta ji.

Ƙanwarka,
Auta

9 ga Yuli

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta yi sati uku a hanya, ta iso a jiƙe, sai da na shanya ta a kan murhu. Lafiyata ƙalau, in ban da tarin da damina ke ba kowa a nan. Na ji daɗin ganin rubutunki. Maganar keke kuma, ke kika sa ƙafa a cikin taya. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi, ki gaishe mini da Inna da kyau.

Ga amsar tambayoyinki. Ruwa yana ɗaukewa ƙarshen Oktoba, amma hanya ba ta bushewa sai Disamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu sama tas take, rana da zafi, inuwa da sanyi. Daga filin jirgi zuwa gindin dutsen tafiyar wuni ɗaya ce, hanya mai lanƙwasa, hagu dutse dama rami. A nan mota ke tsayawa. Tsohon garin yana can sama, matakala ɗari bakwai da ’yan kai. Na hau sau ɗaya. Ɗakuna ne da zauruka da aka sassaƙa cikin dutsen kansa, bango duk siffofin mutane a jere. Ni da nake da ƙarfina sau shida na zauna. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Ki faɗa wa likitansa haka, kada ki rage komai.

Yanzu ɗayar maganar. Na karanta layukanki na ƙarshe har na haddace su. Haƙƙi, da gida, da kada Inna ta sani. Auta, ni ba yaro ba ne. In mace ce ya baro, ko ɗa, ki faɗa mini kai tsaye. Wataƙila ba ki sani ba don kina ƙarama, amma ranar da aka binne mahaifina wasu samari biyu suka shigo zaure da goshi irin nawa, babu wanda ya taɓa jin labarinsu. Na ga abin da hakan ya yi wa mahaifiyata. Ba ta ƙara ambaton sunansa ba har ta bi shi.

Inna ta riƙe ni wata takwas lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti. Ita ke mini wanki, ita ke raka ni bakin makaranta. Ba zan yi yawo gida gida ina neman wa Kawu iyali a bayan idonta ba. In haka ne, ya fara faɗa mata da bakinsa, sannan mu yi maganar hanya.

Ki yi haƙuri in na yi kaushi.

Yayanki

2 ga Agusta

Yaya,

Muna lafiya, ina fatan tarin ya sake ka. Zan taƙaita gaisuwa don raina a ɓace yake.

Da na karanta takardarka sai da na fita bayan ɗakin magani na tsaya. Ashe kallon da kake wa Baba ke nan. Kwana biyu na ce ba zan amsa ba. A rana ta uku na sake karanta abin da ni na rubuta, na ga ko ni ce haka zan ɗauka. Tsoro ne ya sa na yi ta kewaye-kewaye, kada wani ya buɗe takardar a hanya. Yanzu ko an buɗe, a buɗe.

Babu mace, babu ɗa. Dutse ne.

Ranar da maigidana ya kai Inna gashin gwiwa, Baba ya sa na jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, a naɗe cikin tsumman goge mota, akwai hannun mutum na dutse, daga wuyan hannu zuwa yatsu, bai fi tafin hannuna ba. Har farce an yi masa. Ya ce daga ɗaya daga cikin siffofin bangon nan ya karye, masu tono suka same shi a ƙasa suka ajiye a rumfar kayansu. Ya ji babbansu yana cewa a waje ana rububin irinsa. Lokacin Baba yana ɗan shekara ashirin da uku. Ya sa shi a aljihun riga ya fita.

Na ce, “Baba, ai wannan mai sauƙi ne, a aika musu abinsu.”

Ya ce, “Tsaya, ban gama ba.”

Rumfar tana da mai gadi, mutumin wurin. Shi ne abokinsa ɗaya a ƙasar. Shi ya koya masa yarensu, shi ya ara masa bargo da ya ga sanyi zai kashe shi, kullum tare suke shan shayi a kan matakala. Da aka nemi hannun aka rasa, sai aka ce mai gadi ne, don shi ke riƙe da makulli. ’Yan sanda suka hawo, ba su da mota. Aka ce direba ya kai su gari.

Yaya, Baba ne ya tuƙa motar. Mutumin yana baya an ɗaure masa hannu, dutsen yana ƙarƙashin kujerar Baba. Tafiyar wuni guda. Ya ce da suka tsaya shan ruwa mutumin ya ce masa, “Abokina, in ka koma ka gaya wa ɗana ban ɗauka ba.” Baba ya ce to. Bai koma ba. Sati biyu bayan nan ya ajiye aikin ya baro ƙasar. Bai sayar da dutsen ba, bai iya jefar da shi ba.

Da ya gama ban san inda zan sa idona ba. Wannan ne mutumin da ya taɓa mayar da ni kanti da ƙafa don na taho da fensir ɗin da ba nawa ba.

Gidan mai gadin nan yake so a nemo. A ƙauyen gindin matakala yake, kusa da wata rijiya mai rufin dutse. In yana raye ya haura tamanin. Na rubuta sunansa a ’yar takardar da na maƙala. Yanzu ka ji duka. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini, ba zan riƙe ka ba.

Auta

6 ga Oktoba

Yaya,

Ina fatan lafiya. Wata biyu ke nan ba amsa. Kullum in na tashi aiki sai na biya gidan waya, har mai rarraba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Na fahimta. Da ka ɗauka mace ce ka amsa da wuri, da ka ji sata ce ka yi shiru. Kana da aikinka da mutuncinka a ƙasar mutane, ba dole ka ɗauki kayan wani ba. Da dai ka rubuta a’a, ko layi ɗaya, da na san abin da zan ce wa Baba. Kullum da la’asar sai ya tambaye ni, “Yaron nan bai rubuto ba?” Na ce hanya ce. Jiya ya ce, “Ba hanya ba ce, Auta. Ya ji ko ni wane ne.”

Akwai kuma wani abu. Ina da juna biyu, wata biyar, likita ta hana ni doguwar tafiya. Don haka ni ma ba zan raka shi ba. Duk da haka ya karɓo fasfonsa, ya ce ko shi kaɗai zai tafi. Ƙafafunsa sun fara kumburi.

Ba roƙonka nake ba. Sunan masauki kawai nake so, da na direba mai amana.

Auta

29 ga Oktoba

Auta, ƙanwata,

Lafiya nake. Barka da abin alheri, Allah ya sauke ki lafiya. Takardunki biyu suna gabana, kuma ba zan wanke kaina duka ba.

Ta Agusta ta maƙale sati biyar, dutse ne ya zaftaro ya rufe hanya. Wannan ba laifina ba ne. Amma da ta iso na karanta, sai na sa ta a ƙarƙashin katifa kwana tara. Wannan laifina ne. Na ji tsoro. A nan maganar kayan tarihi ba wasa ba ce, ni kuma baƙo ne mai takardar izinin aiki. Na kuma ji kunyar abin da na zargi Kawu da shi, sannan na ji abin da ya yi ya fi wanda na zarga nauyi. A rana ta goma na ɗauki hutu na hau motar kaya.

Rijiyar tana nan. Wata tsohuwa mai ɗiban ruwa ta ji sunan ta ce, “Ya rasu shekara tara ke nan.” Ta ce an ɗaure shi shekara biyu. Da ya fito ba wanda ya ƙara ba shi makullin ko da akurki ne. Sai ya koma dako, yana ɗaukar kayan baƙi a baya yana hawa matakalan nan, har ƙafafunsa suka ƙi. Ta nuna mini gidan ɗansa.

Ɗan nasa tsohon shugaban makarantar ƙauyen ne, ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Na same shi a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera. Da na ambaci mahaifinsa bai ko ɗago ba, ya ce, “Me kake nema a wajen ɓarawo?”

Na zauna na faɗa masa komai yadda kika rubuta, har saƙon da aka ba Kawu a wajen shan ruwa. Ya ajiye gudumar. Ya ce, “Ka san abin da ka kawo mini?”

Yana ɗan shekara tara aka tafi da uban. A makaranta ɗan ɓarawo ake kiransa. Ya ce duk lokacin da uban ya fara rantsuwa cewa bai ɗauka ba, shi tashi yake ya bar ɗakin. Ya girma ya daina amsa sunan gidansu. Da ya zama shugaban makaranta, in ya hango tsohon yana saukowa da kaya a baya sai ya canza hanya. Ranar da aka binne uban, shi yana aji yana koyar da lissafi, yana jin wucewar mutane ta taga.

Ya ce, “Shekara hamsin ina jin haushin mutum ɗaya. Yanzu ka zo ka ce mini ni ne mai laifin.”

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce ba da ni yake ba.

Ga abin da ya ce in rubuta. Dutsen a kai wa hukuma, shi ba ya son ganinsa. Amma Kawu ya zo, ya tsaya a gindin matakala ranar kasuwa, ya faɗa a gaban mutane da bakinsa. Ya ce kada a sa ran komai daga gare shi bayan haka.

Na je ofishin kula da kayan tarihi a babban gari. Wata mata ce ta saurare ni. Ta ce wanda ya dawo da abu don kansa ba a kama shi. Takardarta tana cikin ambulan ɗin nan, Kawu ya riƙe ta tare da fasfo, ya nuna a filin jirgi. Ku sa tafiyar a sati na biyu na Janairu. Ni zan tarbe shi, ni zan tuƙa shi, a ɗakina zai sauka. Ki haɗo magungunansa da rubutun yadda ake sha, da safa mai kauri.

Ki ce masa yaron ya rubuto.

Yayanki

21 ga Nuwamba

Yaya,

Mun gode, Allah ya saka. Ka yafe mini takardar Oktoba. Ni lafiya, sai nauyi.

Na karanta wa Baba taka a baranda. Na so in tsallake wurin dako da wurin jana’iza, ya gane, ya ce, “Karanta yadda aka rubuta.” Da na gama ya ce in sake. A karo na biyu ya rufe fuska da hularsa.

Likita ya ce bai yarda ba, ya rubuta a fayil cewa bai yarda ba. Baba ya ce masa, “Likita, a gado ma ai mutuwa ake.” Sai likitan ya ƙara masa ƙwaya ɗaya, ya ce kada ya hau ko matakala goma.

Baba ya faɗa wa Inna da kansa, ina zaune. Da ya fito da dutsen ta ce, “Wannan? Ai tun shekarar da aka kawo ni gidan nan na gan shi, na ɗauka wani maganin tsarin mota ne.” Har ta fara dariya. Da ya kai maganar mai gadi sai dariyar ta tsaya. Ta ce, “Kai ka tuƙa?” Ya ce shi ne. Ta tashi da sandarta ta shiga ɗaki. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. A na biyar na same ta tana ɗinke masa aljihu a cikin rigar sanyi, inda zai sa fasfo.

Jirginsa zai sauka goma ga Janairu da hantsi. Kada ka bar shi ya ɗauki jaka.

Auta

19 ga Janairu

Auta,

Kawu yana raye, yana cin abinci, yana zaune a gabana yanzu haka cikin rana. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a natse. Ina fatan ke ma lafiya, Inna kuma da sauƙi.

A hanya bai yi barci ba. Ya ƙi zama a baya. Kowace kwana muka sha sai ya ce, “Rage, akwai gangara a gaba,” kuma akwai ta. Da muka zo wani wuri da ruwa ke fitowa daga jikin dutse ya ce in tsaya. Bai fita ba. Ya kalli wurin, ya ce mu tafi.

Maganar dutsen ba ta ɗauki minti goma ba. Matar ofishin ta sa safar hannu, ta auna shi da rula, ta rubuta lamba, ta ba Kawu takarda ya sa hannu. Da muka fito ya ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ya ce, “Ashe ba shi ne mai nauyin ba.”

Ranar kasuwa muka isa gindin matakala da hantsi. Malam ya sa an fito da benci daga makaranta. Mutane sun kai ɗari, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. ’Yan dako suna zaune a gefe da igiyoyinsu. Na kawo wa Kawu kujera, ya ture ta. Na ce zan fassara, ya ce in bari tukuna. Auta, da yarensu ya fara. Yaren da ya yi shekara hamsin bai yi ba, a karye, har wasu ’yan mata suka fara dariya aka tsawata musu. Ya faɗi sunan mutumin. Ya ce, “Bai ɗauka ba. Ni na ɗauka. Ni na kai shi gari, abin yana ƙarƙashina.” Daga nan yaren ya ƙare masa, na karɓa.

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage shi. Tsohuwar nan ta bakin rijiya ta zauna a ƙasa ta fara kuka. Wani tsoho cikin ’yan dako ya tashi ya tofar da yawu a gefe ya tafi.

Kawu ya juya wajen Malam ya ce, “Ya ba ni saƙo in kawo maka. Ya ce in gaya wa ɗansa bai ɗauka ba. Na kawo a makare. Ka yafe mini.”

Malam ya ce, “Wanda zai yafe maka yana can bayan makaranta a kwance. Ni ba ni da wannan ikon. Ni ma nema nake.”

Ya tafi gida. Na ɗauka an gama. Numfashin Kawu ya fara sama-sama, na sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe na kwantar da shi a mota. Muka kwana a masaukin ƙauyen don ban yarda da hanya ba.

Da safe muna haɗa kaya sai ga Malam a bakin ƙofa da butar shayi. Bai gaishe mu ba. Ya zauna a bakin gado ya ce in tambayi Kawu wane irin mutum ne mahaifinsa kafin abin ya faru. Ya ce shi abin da ya riƙe kawai bayan mutum ne a sunkuye da kaya.

Kawu ya ce mutum ne mai dariya har ya riƙe ciki. Ya ce yana tsoron mota, in za a sha kwana sai ya rufe ido. Yana busa sarewa, amma bai iya ba. Kuma kullum sai ya yi maganar ɗansa mai kan lissafi, yana cewa yaron zai zama malami.

Malam ya fita waje. Ya jima, ya dawo, ya ce a ci gaba.

Kwana uku muka ƙara. Ni dai bakina ya bushe da fassara. A rana ta ƙarshe suka je kabarin tare, ban bi su ba, ban san abin da suka ce ba, ban ma san da wane yare ba. Da za mu tafi Kawu ya miƙa masa hannu. Malam ya kalli hannun, bai karɓa ba. Ya ce, “Abin da ka tuna daga baya, ka rubuto.”

Tsohon garin kuwa Kawu bai hau ba. Ya tsaya a matakalar farko ya ɗaga kai, ya ce ya gani a da.

Jirginsa ranar ashirin da uku, don haka ta saƙon gaggawa zan aiko da takardar nan ta riga shi isowa. Ku zo da keken marasa lafiya, kada ku tambaye shi ko yana so.

Yayanki

11 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya sha biyu ga Fabrairu, mace, tana da ƙoshin lafiya da ƙarar murya. Inna ta ce hancinka ta ɗauko, na ce Allah ya kiyaye. Kowa yana gaishe ka.

Na zaci Baba zai dawo da sauƙin rai. Ban san ko zan kira shi haka ba. Ya rame, baranda ma sai an riƙe shi. Maigidana ya tambaye shi ko an yafe masa, ya ce a’a, kuma bai ga dalilin da za a yi ba. Amma shirun nan ya tafi. Kullum bayan azahar sai ya ce in kawo biro. Ina shayar da yarinya da hannu ɗaya ina rubutu da ɗaya, shi yana faɗa. Inna tana zama a bakin ƙofa tana tsintar wake, wai ba saurare take ba, amma jiya da ya ce bargon ja ne ta ce a da ya ce mata ruwan toka ne wanda ya yi amfani da shi a can. Suka yi ta musu.

Ga shafi bakwai na haɗo. Akwai ranar da mutumin ya koya masa ƙirga da yarensu, akwai ranar da akuya ta cinye musu taswirar masu tono, akwai kuma tafiyar nan ta wuni guda, duk abin da aka ce a cikin motar. Wannan ya sa na karanta masa sau biyu, ya cire wani wuri da ya ce ya yi wa kansa sassauci. Ya ce in gaya maka ka fassara yadda yake, kada ka gyara masa komai.

Baba ya ce ruwa yana farawa a Afrilu, hanya kuma ta rufe. Don Allah ka hau kafin nan. Za ka ga shafi na bakwai bai ƙare ba, a tsakiyar magana ya gaji, yau kwana uku bai iya ci gaba ba. Ka kai wa Malam haka nan. Kada ka jira sauran.

Ƙanwarka,
Auta